Amsoshin Tambayoyinku: Lissafin Bim Mai Ginshiƙai da Yawa

Wani ɗalibin injiniya daga Zariya yana tambaya: yaya ake lissafin bim ɗin da ya hau ginshiƙai uku ko fiye?

To malam, lissafin daidaiton nauyi kaɗai ba ya warware irin wannan bim. Farfesa Hardy Cross na Jami'ar Illinois a Amurka ya fito da dabarar warware shi a 1930. Da farko a ɗauka kowace gaɓa, wato inda bim ɗin ya hau ginshiƙi, a ɗaure take tam, a lissafa ƙarfin lanƙwasa a bakin kowane ɓangare na bim ɗin. Sai a kwance gaɓa ɗaya, a raba rarar ƙarfin lanƙwasar da ke kanta gwargwadon taurin kowane ɓangare, rabin kason ya ƙetara ɗaya bakin. A yi ta maimaitawa gaɓa-gaɓa har rarar ta zama ba a bakin komai ba. Da fatan ka gamsu.