HAƘORAN YARINTA DA HAƘORAN GIRMA BA ƊAYA BA NE

Ya ku iyaye mata, sau da yawa uwa takan kawo yaro asibiti kunci a kumbure, kwana biyu bai runtsa ba. In aka buɗe bakinsa sai a ga turmi ya yi rami baƙi ƙirin. In malamin asibiti ya tambaye ta tun yaushe, sai ta ce, "Ai tun bara na gani, na ce na yarinta ne, zai yi famfara ya huta." To, saboda wannan magana aka rubuta wannan takarda. Wadda ta iya karatu ta karanta wa ta kusa da ita.

NAWA NE, KUMA YAUSHE SUKE FITOWA?

Haƙoran yarinta 20 ne, 10 a sama, 10 a ƙasa. A kowane muƙamuƙi akwai na gaba 4, da fiƙa 2, da turame 4. Tun jariri yana ciki suke soma ginuwa cikin dasashi. Na farko yakan ɓullo wajen wata 6, galibi na gaba na ƙasa, su cika kafin shekara 3. Wani yaro yakan yi sauri, wani ya yi jinkiri har ya kai shekara guda. Wannan ba ciwo ba ne.

Haƙoran girma kuwa 32 ne: na gaba 8, fiƙa 4, ƙananan turame 8, manyan turame 12. Famfara takan soma wajen shekara 6, ba ta ƙarewa sai wajen shekara 12. Watau turmin da ya fito yaro yana shekara 2 zai yi ta taunawa da shi har shekara 10 ko 12. Shin kayan da za a yi aiki da shi kusan shekara goma, a ce ba shi da amfani?

YADDA HAƘORI YAKE DAGA CIKI

Kowane haƙori hawa uku ne. Daga waje akwai farin ɓawo, wanda duk jikin mutum babu abin da ya kai shi tauri. Ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori, mai ɗan ruwan ɗorawa, bai kai ɓawon ƙarfi ba. Can tsakiya akwai ɓargo, inda jijiyoyin jini da jijiyar jin zafi suke. Daga nan sai saiwa, wadda ta kafe cikin muƙamuƙi.

Ku lura da kyau, domin a nan bambancin yake. Ɓawon haƙorin yarinta kaurinsa wajen rabin na babba ne. Ƙashinsa ma siriri ne. Amma ɓargonsa babba ne in an gwada da girman haƙorin, har ya miƙo kai kusa da waje. Kamar tulu ne mai faɗin ciki, jikinsa ba kauri, abu kaɗan zai huda shi. Shi ya sa ramin da zai daɗe yana cin haƙorin babba kafin ya ji zafi, a bakin yaro cikin 'yan watanni ya isa ɓargo. In ya isa, sai zogi, sai ruwa ya taru, sai kumburi.

Mutane suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Babu tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin dattin da ke manne a haƙori. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narka ɓawo. Alamar farko ita ce wani farin tabo kamar alli a gindin haƙoran gaba na sama, daidai bakin dasashi. A wannan lokaci ana iya tsayar da abin. In ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, aiki ya ƙaru. Saboda haka ki riƙa ɗaga leɓen ɗanki na sama kina dubawa, ko da sau ɗaya a wata.

ABIN DA KE ƁOYE ƘARƘASHIN SAIWA

Saiwar haƙorin yarinta siririya ce. Ta turmi kuwa a warwatse take kamar murhu mai duwatsu, kuma a tsakaninta ne haƙorin girma yake kwance yana ginuwa. In lokacinsa ya yi ya soma tasowa, sai saiwar na yarinta ta riƙa narkewa kaɗan kaɗan har ta ƙare, haƙori ya yi ta girgiɗi ya faɗi. Shi ya sa in kin ɗauki haƙorin famfara ba kya ganin saiwa. Ba karyewa ta yi ta saura a ciki ba. Ba kuwa ruwan ƙadangare da fitowar sabo, ko ya ga giɓin ko bai gani ba, sabon yana nan tafe.

Wannan kusanci yana da haɗari iri biyu. In turmin yarinta ya ruɓe ruwa ya taru a gindinsa, yana iya taɓa na girma da ke ƙasa, ya fito da tabo ko ɓawonsa a lalace. In kuma aka cire shi tun lokacinsa bai yi ba, sai maƙwabtansa su karkato su cinye gurbin. Ran da na girma zai fito ya tarar ba wuri, sai ya fito a karkace, ko ya hau kan wani.

TURMIN SHEKARA SHIDA

Wannan shi ne wanda iyaye suka fi yin kuskure a kansa. Wajen shekara 6 manyan turame huɗu sukan fito can baya, biyu sama, biyu ƙasa, bayan turamen yarinta na ƙarshe. Babu haƙorin da ke faɗuwa kafin su fito, don haka uwa takan ɗauka na yarinta ne. A'a, na girma ne, in suka tafi babu mai maye gurbinsu har abada. Ga yadda za ki gane: daga tsakiyar baki ki ƙidaya zuwa baya a gefe ɗaya. In kin wuce biyar, na shida na girma ne. Samansa yana da kwaroro masu zurfi da abinci ke maƙalewa, ga shi hannun yaro bai iya kai buroshi can ba. Ki taimake shi.

ABUBUWAN DA BA NA TSORO BA NE

Sabon haƙorin girma yakan fi na yarinta ruwan ɗorawa, domin ƙashinsa ya fi kauri. Ba datti ba ne, kada a kankare shi da toka ko gawayi ko yashi. Bakinsa yakan fito da 'yan tsaga kamar zarto, da tauna za su goge. Yakan yi wa fuskar yaro girma, fuska za ta cim masa. Tazara tsakanin haƙoran yarinta ma alheri ce, wuri ne aka tanadar wa manya. In na girma ya ɓullo ta baya alhali na yarinta yana nan yana girgiɗi, galibi da kansa zai faɗi. In ya ƙi motsi, a nuna wa likitan haƙori.

FITAR HAƘORI BA YA KAWO ZAWO

Fitar haƙori yana sa dalala, da ƙaiƙayin dasashi, da 'yar rigima. Ba ya kawo zawo, ko amai, ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ya sa suke haɗuwa shi ne a wannan lokaci yaro yake soma shan kunu, yana rarrafe, yana kai kome baki. In yana zawo a soma ba shi ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da nono, a kawo shi asibiti. In zazzaɓi ne a kawo shi a gwada jininsa. Kada a zauna ana cewa "haƙori ne" har ruwan jikinsa ya ƙare.

Kada ku sayi maganin haƙori a kasuwa ko wajen mai talla. Tsakanin 2008 da 2009 wani maganin haƙori na ruwa da guba ta shiga cikinsa ya kashe yara fiye da 80 a Nijeriya. Haka nan kafson tetarasaikilin ba na mai ciki ba ne, ba kuwa na yaron da bai kai shekara 8 ba, domin yana rina haƙoran da ke ginuwa, rinin da ba ya fita. Tsabtataccen yatsa da za ki shafa masa dasashi ya isa.

ABIN DA ZA KI YI

Ran da haƙori na farko ya fito, ran nan za a soma goge shi, safe da dare, na dare ya fi muhimmanci. A sami ƙaramin buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid. Yaron da bai kai shekara 3 ba a ɗiga masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙaramar ƙwayar wake, ya tofar kada ya haɗiye. Ke za ki goge masa ko ki tsaya a kansa har ya kai shekara 7. In ya yi wayo asuwaki mai laushin kai yana da kyau.

Kada yaro ya yi barci da fida a baki, balle mai shayi ko lemo ko madara da sukari. Alewa da biskit, yawan tsotsonsu daga safe har yamma ya fi yawansu ɓarna. In za a ba shi, a ba shi tare da abinci, ya bi da ruwa.

In yaro ya faɗi haƙorin yarinta ya fita, kada a mai da shi, zai ji wa na ƙasa rauni. In na girma ne, a riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a sa shi cikin madara, a garzaya wurin likitan haƙori kafin awa guda.

In kin ga kunci ya kumbura, ko dasashi yana miki yana jini da wari, musamman ga yaro mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, lalle ki kawo shi a ranar, kada ki jira ranar awo. Ki zo da katinsa.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha