Injin da Ke Karɓar wa Zuciyar Yaro Aiki

Duk lokacin da na miƙa wa iyaye takardar amincewa kafin a shiga da ɗansu ɗakin gyaran zuciya ta bututu, akwai layin da ke tsayar da su: wanda ya ce idan zuciya ta tsaya ta ƙi dawowa, ana iya ɗora yaron a kan injin ECMO. Wani uba ya taɓa ajiye biro ya ce mini, "Sista, ai an ce ba yanka za a yi ba."

Gaskiyarsa. Siririn bututu ake zurawa ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, a toshe rami ko a buɗe ƙofar da ta tsuke, kuma yawanci lafiya lau ake fitowa. Amma zuciyar jariri ba ta wuce dunƙulen hannunsa ba. Bututu na iya taɓa inda bugunta zai rikice, musamman idan dama a gajiye take. In haka ta faru, danna ƙirji ake fara yi, sau 100 zuwa 120 a minti, da allurar adirenalin, wani lokaci da jan lantarki. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da haƙuri. Mintuna kaɗan babu oksijin ta fara lalacewa.

Idan duk wannan bai dawo da bugun ba, sai a kira masu ECMO. Ana ci gaba da danna ƙirjin, likitan tiyata yana sa bututu biyu a jijiyoyin wuyan jaririn ta dama. Jini ya fita baƙi-baƙi, injin ya cire masa gurɓatacciyar iska ya zuba oksijin, famfo ya mayar da shi jajir. Na sha gani, amma har yau sai na tsaya kallon launin nan yana canjawa. Robert Bartlett ne ya fara ceton jaririya da wannan hanya a Kalifoniya a 1975.

Abin da nake so iyaye su riƙe shi ne injin ba ya warkar da komai. Karɓar wa zuciya kaya yake yi na kwanaki, ko ta huta ta farfaɗo, ko likitoci su samu damar gyara abin da ya ɓaci. Yana da nasa haɗarin: dole a ba yaro maganin tsinka jini don kada ya daskare a cikin bututun, shi kuma yana iya jawo zubar jini, har a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake yawan ɗaukar hoto ta maɗigar jariri. Kuma ba duk wanda aka ɗora ba ne ke sauka da rai.

Masu kai 'ya'yansu Indiya ko Masar, ko wani asibiti a gida, ku tambaya tun kafin ranar aiki: akwai injin nan, da masu sarrafa shi ko da tsakar dare? An tanadi jini irin na yaron? Tambayar ba raini ba ce, likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Uban nan dai ya sa hannu bayan ya yi waya da ƙaninsa. Aka gama aikin ɗansa kafin azahar, injin yana kusurwa ba a ko kunna shi ba.