Darasi: Ladabin Baƙo a Japan da Turai

'Yan'uwa matasa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A Japan, baƙo yakan tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rusuna, ya miƙa tsaraba da hannu biyu. Ba a kafa tsinken cin abinci tsaye cikin shinkafa, domin mamaci ake yi wa haka. A Jamus, in an ce ƙarfe 7, to ƙarfe 7 ne. Makara raini ce. A Faransa kuwa, shiga kanti babu gaisuwa rashin tarbiyya ne.

Da yawanmu muna neman karatu ko aiki a ƙasashen nan, kuma ƙaramin kuskure yakan rufe mana ƙofa. Saboda haka mu riƙa tambaya tukuna. Matambayi ba ya ɓata.