Amsoshin Tambayoyinku: Taro a Fachi, Rabin Mahalarta Suna Agadas da Kano

Tambaya: Ni sakataren wata ƙungiya ce ta masu gishiri da dabino a Fachi. Membobinmu da dama suna Agadas, Yamai, Kano da Sabha ta Libiya. Muna so mu yi taron shekara a nan gida, na nesa kuma su shiga ta intanet. An ce sai mun sayi babbar kyamara da majigi. Da me za mu fara?

Amsa: Malam sakatare, Allah ya taimaka. Kuɗin kyamarar nan ka riƙe su tukuna. A irin wannan taro murya ce jari. Mutumin Kano zai haƙura da hoton da ke daskarewa, amma idan bai ji abin da ma'aji ya ce game da kuɗin kantu ba, cikin minti goma zai kashe wayarsa, gobe kuma ya ce an yanke hukunci a bayan idonsa.

Lissafin ma yana bayan murya. Zoom na buƙatar kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa don sauti zalla, hoto mai kyau kuwa a taron jama'a yana neman fiye da megabit 2 wajen aikawa. Awa guda ta magana ba ta cin megabait 100, ta bidiyo tana iya wuce gigabait 1. Rezon da ya kasa ɗaukar fuska yana iya ɗaukar magana.

Fara da bincika abin da ke garinku. Fachi na cikin wuraren da hukumar ANSI ta fara gwada shirin ƙauyuka masu fasahar zamani na Nijar 2.0, shirin da Bankin Duniya ya ba dala miliyan 100 a 2020. Je ma'aikatar magajin gari ka tambayi wace eriya ke aiki yau, kuma ko za a ba ku aron ɗakin da aka haɗa da ita. Idan tsohon faranti ne mai magana da tauraron ɗan Adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786, saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. A ido ba komai ba ne, amma a muhawara shi ke sa mutum biyu su fara magana tare, su yi shiru tare, su sake karo. Taurarin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a 2025, suna wajen kilomita 550 ne, don haka jinkirin kaɗan ne. Ko wanne kuka samu, shugaban taro ne zai riƙa kiran suna, wanda aka kira ya yi magana, in ya gama ya ce ya gama.

Yanzu ɗakin taro, inda yawanci abin ke lalacewa. Na'ura ɗaya tak za ta shiga taron da sauti. Idan matasa uku a cikin ɗakin suka shiga da wayoyinsu don su ga ƴan'uwansu, muryar da ta fito daga lasifika za ta koma makirfonsu, ta zagayo, sai ka ji ƙara mai huda kunne. Duk wanda ke ɗakin ya kashe makirfo da lasifikar wayarsa. Makirfon kwamfuta kuma ba ya kama dattijon da ke zaune a ƙarshen tabarma, balle in ya ja rawani ya rufe baki. Ku nemi makirfo na hannu, yaro ɗaya ya riƙa kai shi ga mai magana. Sannan ku kula kada muryar na nesa ta fita daga lasifikar ɗaki ta sake komawa gare su: lasifika ta ba makirfo baya, kuma idan kuna da na'urar haɗa sauti, kada a mayar musu da layinsu. Ɗakin ƙasa mai tabarmi da labule ya fi ajin siminti mai rufin kwano, domin aji yana amsa kuwwa.

Majigi ban ba ku shawara ba. Yana shan wat 200 zuwa 300, kuma hasken Tenere da rana yana wanke hotonsa. Talabijin matsakaiciya ta fi, waya mai kyau a kan ƙafa uku kuma ta ishe ku kyamara, muddin ƙofa da taga suna gaban mai magana, ba a bayansa ba.

Wuta kuwa a lissafa ta da alƙalami. Farantin Starlink na yau da kullum yana cin wat 75 zuwa 100. Haɗa da kwamfuta, talabijin da lasifika, ka ce wat 250. Awa uku wat-awa 750 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1,200, amma na darma rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe. Batir biyu ke nan, cikakku tun ana gobe taro. Idan janareto ne, a kai shi nesa da doguwar waya. A kuma sa kayan a inuwa, don waya in ta yi zafi tana kashe kanta.

Abin da aka fi mantawa ba na saye ba ne. A naɗa mutum ɗaya a ɗakin wanda ba shi da aiki sai na nesa: ya ga wanda ya ɗaga hannu, ya karanta saƙonni, ya tsayar da shugaba ya ce Sabha na da magana. In ba haka ba, na kan tabarma za su cinye taron, na waya su zama ƴan kallo. A ganina ma a fara ba na nesa dama a kowane batu. Idan za a juya magana tsakanin Barbarci, Tubanci da Hausa, tafinta ya riƙe makirfo, ku kuma sani lokacin zai kusan ninkawa, sai a rage batutuwa.

A takardar gayyata ku rubuta lokaci biyu: Fachi, Yamai da Kano agogonsu ɗaya, Libiya tana gaba da awa guda. Ku zaɓi hantsi ko bayan la'asar, yadda salla ba za ta raba taron ba. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet a minti 60 idan mutum uku ne ko fiye, kiran WhatsApp kuma ba ya wuce mutum 32. Rahoton kuɗi a tura shi tun kwana biyu kafin taro, a rubuce da kuma a saƙon murya.

Madugu ba ya shiga Tenere da salkar da bai gwada ba. Ana gobe taro, a daidai wannan sa'a, a wannan ɗaki, ku kira mutum ɗaya a Agadas da ɗaya a Kano ku yi minti ashirin. Ku kuma amince tun yanzu da abin da za a yi idan layi ya yanke: a kashe hoto, in bai yi ba a koma kiran waya da wakili ɗaya a kowane gari, ƙuri'a kuma a bar ta a buɗe har washegari da azahar don saƙon kowa ya iso.