Zafin Maiduguri da Sabon Nau'in Faifan Hasken Rana

Tun daga watan Janairun 2021, lokacin da 'yan ta'adda suka farfasa turakun layin wutar da ya taso daga Damaturu, 'yan kasuwa da asibitoci da magidanta da dama a Maiduguri suka koma ga faifan hasken rana. Kusan dukkan faya-fayan da ke kan rufin garin na silikon ne. To, amma akwai wani sabon nau'i da masana ke kira ferofskait, wanda aka raɗa wa sunan Lev Perovski na ƙasar Rasha.

A shekarar 2009, Tsutomu Miyasaka na Japan ya samu kashi 3.8 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa ya koma lantarki. Yau an haura kashi 26 a ɗakunan bincike. Ana shafa shi ne siriri kamar fenti, abin da ke sa ran arha.

Ƙarfinsa da rauninsa duk suna cikin haɗinsa. Sassa uku ne: dalma, da aidin ko buromin, sai na uku da ke riƙe da ginin. A haɗin farko, metilamoniyam ne na ukun, shi kuwa ba ya jure zafi, domin yakan fara ruɓewa a digiri 85. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, inda faifan da ke kan kwano kan zarce digiri 60. Fomamidiniyam ya fi juriya, sai dai yakan rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa, ya daina aiki. A 2016 masu bincike a Lozan ta ƙasar Suwizalan suka nuna cewa ɗan siziyam kaɗan yana daidaita shi.

Ƙarin buromin kuma yana sa ya dace a ɗora shi bisa silikon, kowanne ya kama nasa rabon hasken. Irin wannan mai hawa biyu ne kamfanin Oxford PV ya fara sayarwa a 2024. Maye gurbin dalma, wadda guba ce, da kuza bai yi nisa ba, saboda iska na saurin ɓata kuzar.

Faifan silikon yakan zo da garantin shekara 25. Duk ɗan kasuwar da aka yi wa tallar sabon nau'in, ya kamata ya nemi sanin haɗinsa, da sakamakon gwajin sa'o'i 1,000 a zafin digiri 85 da danshi kashi 85, kafin ya saki kuɗinsa.