Guzuri A Ƙofar Gidan Wasa

Kanya Babba gari ne a ƙasar Ɓaɓura, cikin Jihar Jigawa. Yawancin mutanen ƙasar manoma ne, suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Da can ƙasar nan cikin Jihar Kano take, sai a shekarar 1991 aka yanke ta aka yi Jihar Jigawa. Amma zumunci bai yanke ba, gidaje da yawa suna da 'yan'uwa a birnin Kano. Sabo da haka in Salla ta zo, akan ɗauki yara a mota a bi ta Kunya a kai su birni yawon Salla.

A birni akwai abubuwan kallo da yawa. Akwai hawan Salla, akwai gidan namun daji wanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Ban da waɗannan kuma akwai gidajen wasa na yara, inda akan biya kuɗi a shiga a hau lilo, da ƙananan motoci, da dawakin ƙarfe masu zagayawa.

To, waɗansu daga cikin gidajen wasan nan suna da wata doka, watau ba a shiga musu da abinci daga waje. Dalilansu kuwa suna da dama. Suna gudun a cika musu wuri da leda da ɓawo, ƙudaje da ɓeraye su taru. Suna gudun kwalba ta fashe ta yanke yaro a ƙafa. Inda ake ajiye namun daji kuma, ana gudun a jefa wa dabba abin da zai cuce ta. Akwai kuma wani dalili wanda ba a cika faɗa ba, shi ne ciniki. Masu gidan suna da rumfunan sayar da abinci a ciki, suna so kowa ya saya a wurinsu. Abin da aka fi bajewa a rumfunan nan kuwa kayan zaƙi ne da kayan suya, kuma sau da yawa sun fi na kasuwa tsada.

Wata shekara da Salla ƙarama, waɗansu yara biyu, wa da ƙane, suka taso daga Kanya Babba da sassafe tare da kawunsu. Uwarsu ta yi musu guzurin dambu da zogale da dafaffen ƙwai, ta ƙulla musu ƙuli-ƙuli da dabino a ƙyalle. Da hantsi suka isa ƙofar wani gidan wasa. Mai gadi ya dubi kwanon da ke hannun babban, ya ce wa kawun, "Malam, sai haƙuri. Nan ba a shiga da abinci."

Kawu bai yi musu ba. Ya ce, "To, madalla. Ruwa fa?" Mai gadi ya ce, "Ruwa kam a shiga da shi, in ba a kwalba yake ba."

Sai kawu ya ja yaran gindin wata bishiya a waje, ya zuba musu ruwa suka wanke hannu, ya buɗe kwano, ya ce, "Bismilla. Da ruwan ciki ake jan na rijiya." Babban ya zauna ya ci ya ƙoshi. Ƙaramin kuwa hankalinsa yana can ciki, yana jin kiɗa da ihun yara, ya yi loma biyu ya tsame hannu, ya ce, "Kawu, ni na ƙoshi." Wansa ya ce, "Kai, ka ƙara mana, yinin da tsawo." Ya ce, "Yaya, ai akwai abin daɗi a ciki, ga kuɗin barka da Sallata a aljihu."

Da shigarsu ƙaramin ya nufi rumfa. Ya sha lemon kwalba biyu, ya ɗora askirim, ya cika baki da alewa, sa'an nan ya ruga ya hau lilo mai juyawa. Tun ba a yi zagaye goma ba jiri ya kama shi, zuciyarsa ta tashi. Ana sauke shi sai amai, ya ɓata sabuwar rigar Sallarsa. Ya kwanta a inuwa, kansa bisa cinyar kawu, yana kallon 'yan'uwansa yara suna wasa. Da azahar ta yi yunwa ta taso masa, ya laluba aljihu, ba ko sisi.

Babban kuwa ya yini yana wasa, yana kurɓar ruwa jifa-jifa. Da ya ji yunwa ya zagaya rumfunan duka yana dubawa, har ya sami inda ake gasa tsire a gaban mai saye. Ya sayi mai zafi da gurasa, ya sa aka yanka masa albasa da tumatir, ya ƙara da ayaba biyu, ya kawo suka raba da ƙanensa. Ƙanen ya ci, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yaya, da na ji maganarka." Kawu ya ce, "Ba kome. Kwaɗayi mabuɗin wahala, yau ka gani da idonka."

Me ya sami yaron nan? Abu biyu ne suka haɗu. Na fari, can cikin kunnen mutum akwai waɗansu 'yan ƙananan bututu masu ruwa a ciki, su ne ke taimakonsa ya tsaya daidai ba ya tangaɗi. In aka yi ta juya mutum sai ruwan nan ya yi ta motsi, jiri ya kama shi, zuciyarsa ta tashi. In kuwa ya cika cikinsa da kayan zaƙi da maiƙo yanzu-yanzu, amai ya fi saurin zuwa. Na biyu, abin da ya saya ba ya riƙe ciki, don haka yunwa ta dawo masa da wuri.

Abincin da jiki ke bukata iri uku ne. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar gero da dawa da masara da shinkafa da alkama da rogo da dankali. Akwai mai gina jiki, wanda ke sa yaro ya girma, kamar wake da gyaɗa da nama da kifi da ƙwai da nono da awara. Akwai kuma mai tsare jiki daga cuta, watau ganyaye da 'ya'yan itatuwa, kamar zogale da kuka da alayyafo da karas da tumatir, da mangwaro da gwanda da lemo da kankana, har da na daji irin su kanya da magarya da goruba. Abinci nagari shi ne wanda ya haɗa ukun nan. In an duba kwanon da uwar yaran ta cika, za a ga dambu mai ba da ƙarfi, ƙwai mai gina jiki, zogale mai tsare jiki. Haka kuma gurasa da tsire da tumatir da babban ya saya. Amma lemon kwalba da alewa, kusan ba kome cikinsu sai sukari da ruwa da launi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015, cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Na yaro bai kai haka ba, tun da jikinsa ƙarami ne. Kwalbar lemon zaƙi guda kuwa takan ƙunshi sukari kimanin cokali 8 ko 9. Ashe ke nan yaron nan, da kwalba biyu kaɗai, ya wuce rabon babban mutum na yini guda, tun ba a lissafa askirim da alewa ba. Yawan shan sukari yana ruɓar da haƙori, yana kawo ƙiba marar amfani, ita kuwa ƙibar nan takan buɗe wa ciwon sukari ƙofa in an girma. Ba a ce kada yaro ya taɓa alewa ko alkaki ko kantun riɗi ran Salla ba. Abin da ake so, ya ci abinci tukuna, sa'an nan ya ɗanɗana zaƙi kaɗan.

Yaro mai hankali, in za shi irin wannan wuri, ga yadda yakan yi. Yakan karya kumallo sosai tun a gida, ko da koko da ƙosai, ko fura da nono, ko ɗumamen tuwo. In ya zo da dafaffen guzuri yakan cinye shi a waje kafin ya shiga. Wannan ya fi ajiye shi a mota sai yamma, gama dafaffen abinci in ya wuce awa 2 a ajiye, ba a kan wuta ba, ba cikin sanyi ba, ƙwayoyin cuta sukan fara yawaita a cikinsa, balle a zafin bazara. Busasshen guzuri kuwa, irin su ƙuli-ƙuli da dabino da aya da soyayyar gyaɗa da kilishi, ba ya saurin lalacewa, shi ya dace a ajiye don komowa gida.

A ƙofa kuma yakan bar babba ya yi tambaya cikin ladabi. Gidajen wasa da yawa sukan yarda a shiga da ruwa, da abincin jariri, da na marar lafiya wanda likita ya tsara masa abin da zai ci, kamar mai ciwon sukari. Waɗansu kuma sukan yarda mutum ya fita ya ci abinci ya komo, ba tare da ya sāke biya ba. Mai tambaya ba ya ɓata.

In ya shiga, ba ya tsayawa a rumfar farko. Yakan duba mai sayarwa, ko hannunsa da tufafinsa da tsabta, ko abincin a rufe yake, ko ƙudaje na bin sa. Yakan zaɓi abin da aka dafa ko aka gasa a gabansa, yana tururi. Cikin 'ya'yan itace yakan fi son wanda zai ɓare da kansa, kamar ayaba da lemo, bisa wanda aka yanka aka bari a buɗe tun safe. Yakan wanke hannu da sabulu kafin ya ci, tun ba in ya taɓa ƙarafan lilo da dubban hannaye suka taɓa ba. In ya ci kuma yakan zauna ya huta kaɗan kafin ya hau abin da ke juyawa.

Maganar ruwa ita ce babba. Mai guje-guje cikin rana yana zubar da gumi, dole ya mayar da abin da ya fita, kuma ba abin da ya kai ruwa kashe ƙishirwa. Amma ruwan ya zama mai tsabta. In na leda ne ko na gora, a duba a ga a liƙe yake, da lambar Hukumar NAFDAC a jikinsa. Zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, in ba a san ruwan da aka yi su da shi ba, gara a haƙura. Ta ƙazamin ruwa da ƙazamin abinci ne ake ɗaukar zazzaɓin taifot da cutar amai da gudawa, wadda ta yi ɓarna ƙwarai a Jigawa da Kano da Bauchi a shekarar 2021. In gudawa ta kama yaro, sai a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi, a kuma gaggauta kai shi asibiti.

Wani yaron yakan ce, ai sai ya ɓoye abinci cikin riga ya wuce mai gadi. Wannan ha'inci ne, in an kama shi kuma ya sha kunya, ya jawo wa iyayensa. Wanda ya ga doka ba ta yi daidai ba, akwai hanyar da zai bi. A birnin Shangai na ƙasar Sin akwai wani ƙaton gidan wasa, Disneyland, wanda aka buɗe a 2016. Da can ana binciken jakar masu shiga, a hana su wucewa da abinci. A shekarar 2019 wata ɗaliba mai koyon aikin lauya, da aka hana ta shiga da ɗan guzurinta, ta kai ƙara kotu. Magana ta bazu ko'ina cikin ƙasar, kafin shekarar ta ƙare masu gidan suka sassauta dokar, suka yarda a shiga da abinci iri-iri.

Su kuwa yaran nan na Kanya Babba, da la'asar suka kama hanyar gida, suna taunar ƙuli-ƙuli da dabinon da uwarsu ta ƙulla musu. Da Babbar Salla ta zo aka sāke kai su birni. A wannan karon, kafin kawu ya buɗe baki, ƙaramin ya riga ya wanke hannu ya zauna a gaban kwano.

Tambayoyi

1. A wace jiha Kanya Babba take, kuma a wace shekara aka yi jihar?
2. Waɗanne dalilai ne ke sa waɗansu gidajen wasa su hana shiga da abinci?
3. Me ya sa ƙaramin yaron ya yi amai?
4. Abincin da jiki ke bukata iri nawa ne? A kawo misali uku na kowane iri.
5. In kwalbar lemo guda tana da sukari cokali 8, cokali nawa ne cikin kwalba 3?
6. Don me ya fi kyau a cinye dafaffen guzuri da wuri?
7. Mene ne ma'anar, "Da ruwan ciki ake jan na rijiya"?