Idan An Sa Maka Ƙarfe a Ƙashi

Mai bin hanyar Jos ta Tudun Wada da dajin Falgore, ko mai ratsa Kwanar Ɗangora a kan babur, ya san karaya ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Da yawa daga waɗanda suka karye, Asibitin Ƙashi na Dala ake kai su, a yi tiyata a ɗaure ƙashin da ƙarfe da kusoshi. Aikin yana kyau, abin tsoron shi ne ƙwayar cuta ta riga nama isa jikin ƙarfen.

Ƙarfe ba shi da jijiyar jini, saboda haka garkuwar jiki ba ta iya tsare shi sosai. Ƙwayar Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fatar mutane da hancinsu, tana samun kafa sai ta manne masa, ta lulluɓe kanta da yauƙi kamar gansakukar randa. In yauƙin ya kama, magani ba ya ratsa shi yadda ake so, sau da yawa sai an sake yanka an cire ƙarfen.

Wannan ya sa ake shafe wasu ƙarafa da maganin gentamicin ko azurfa tun daga masana'anta. Tushen dabarar ya daɗe: a 1970 likita Buchholz na Jamus ya bayyana cakuɗa magani cikin simintin ƙashi. Tana da amfani, musamman ga wanda ƙashinsa ya huda fata. Amma da tsada, kuma gentamicin ɗin yana ƙarewa cikin kwanaki ko makonni. Tambayi likitanka ko akwai, sai dai kada ka saki jiki don an sa maka.

Rabin aikin yana hannunka. Karayar da ta fasa fata ba ta mai ɗori ba ce. A rufe ta da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti nan take, kada a barbaɗa mata komai. Bayan tiyata, ma'aikacin lafiya ne zai wanke mikin, kuma a kiyaye shi daga ƙura da ruwan gona. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa, mai shan taba ya ajiye ta, domin tana hana ƙashi haɗewa.

Abin da ya fi damuna shi ne kafson kemis. Yakan danne ciwon na ɗan lokaci, ƙwayar tana ƙasa tana cin ƙashi. Da ka ga kumburi, ja, ruwa na tsattsafowa, ko zazzaɓi, ko da bayan watanni ne, koma wurin wanda ya yi maka aikin a ranar.